Ba Bukar mai ƙofar ƙarfe ya tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina goge kekena mai ƙafa uku aka kira ni wai Ba Bukar ya rasu. Wallahi tsumman ma kasa ajiyewa na yi.

Wanda bai san sunansa ba ya san shi a titi. Shi ne dattijon nan da yake shafa laka tun daga kai har ƙafa duk ranar Juma'a, ya tsaya a bakin titin Gomari cikin wata ƙofar ƙarfe da ba ta da gida, ko motsi ba ya yi har la'asar.

Ni nake ɗauko masa ƙofar a kekena.

Da can mutum-mutumi yake ƙerawa da ƙarfe, aka yi ta cewa gumaka ne, ya bari. Da ɗansa Ali ya ɓace lokacin rikici, sai ya ƙera ƙofar nan daidai girman ta ɗakin yaron, ya shiga ya tsaya yana jira. Ya taɓa ce min, "Modu, ƙarfe shi kaɗai ƙarfe ne. Sai mutum ya tsaya a ciki aikin yake cika."

Kai, mun sha zagi. An kira shi mahaukaci, an jefe mu da ɓawon rake, an kwashe mu zuwa amsa tambayoyi, don a garin nan mutum ya tsaya shiru cikin jama'a abin tsoro ne. Daga baya mata masu neman nasu da suka ɓace suka fara zuwa suna tsayawa a gefensa, ba mai cewa uffan.

Bai taɓa bari na koma gida da yunwa ba. Da ɗiyata ta kwanta asibiti, shi ya haɗa mata ƴar kujera don ta riƙa zama a waje.

Juma'ar da ta wuce ƙafafunsa sun kumbura suntum. Na ce, "Baba, don Allah ka zauna, ga benci." Ya ce, "Na gaji, Modu, na gaji ƙwarai. Amma in na zauna, kamar na ce yaron ya mutu ne."

Haka ya tsaya har la'asar.

Mun dawo daga maƙabarta ɗazu. Ya Falmata, matarsa, ta ce kar na mayar musu da ƙofar gida, idonta ya gaji da ganinta. Ƙofar tana nan jingine a zaurenmu. Ban san yadda zan yi da ita ba, kuma yau ba ni da ƙarfin tunani.

Allah Ya jiƙanka Ba Bukar, Ya hutar da ƙafafunka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da Ali. Ban san wace za ku yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci. Ku dai yi.