Tsingaron Kabarin Inna

Ranar wata Asabar, kwana uku bayan Sallar Layya, ina ɗan shekara tara, na tsaya a bakin teku riƙe da gutsuren tukunya. Zangonmu na gaɓar tekun Gana ne, tsakanin tsohon gidan da Turawa suka tsare bayi a da, da rairayin da kunkurun teku ke binne ƙwai. Da safe mukan ɗebo wa gida ruwa, mu share tsakar gida, sannan mu ruga bin sawun kunkuru kafin igiyar ruwa ta goge shi. Mutumin da ke zagayawa da baƙi ya ce duk ramin ƙwan da muka yi wa alama zai ba mu alewa. Bakin tekun babu dutse. A bayan bishiyoyin kwakwa kuwa akwai maƙabartarmu, cike da tsingaro, don mu ba ma gina kabari, gutsuren tukunya kawai ake kafawa wajen kai.

Haka muka yi ta kwasa muna kafawa a ramukan ƙwai, mu bakwai, har muka ƙarar da su. Na ƙarshe shi ne na hannuna, jar tukunyar Inna wadda Baba ya fasa da hannunsa ranar da aka binne ta. Na san ta sarai, amma na zare. Na ce gobe zan mayar.

Bayan damina masu awon fili suka zo za a gina masaukin baƙi. Dattawa suka ce nan maƙabarta ce, aka ce su nuna. Baba ya yi ta kewaya cikin ciyawa har la'asar yana duba ƙasa. Da ya ji ni na zare tsingaron Inna, bai dake ni ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ina ka ɗauko shi? Nuna min wurin." Na kasa.

Yau tuƙi nake yi a Doha. Makon jiya wata fasinja da na ɗauko a unguwar Al Mirqab ta miƙo min waya in ga hotuna, tana ta yabon hutun da ta yi a garinmu. Kabarin Baturen gwamnan gidan bayin yana nan da sunansa a dutse, kowane ramin kunkuru da allonsa da shinge. Ta tambaye ni ko na san wurin, na ce na sani. Haushin masu ginin nake ji har gobe, amma bai kai haushin kaina ba.

Idan na idar da salla a ɗakinmu na Umm Salal ina yi wa Inna addu'a. Tana wani wuri ƙarƙashin wannan masaukin, kuma ni na ɓatar da ita.