Baba Ɗanjuma da Hayar Fuskata

Duk wanda ya zauna a unguwar Darrasa, a nan ƙasar Misirawa, ya san Baba Ɗanjuma ba ya gaida ɗan wasa sai ya fara gaida gwiwarsa. Zai duƙa ya ce, "Ina kwana, jari?" sannan ya ɗago ya tuna kana da fuska. Turare yake sayarwa a bakin masallaci, amma babbar sana'arsa tambaya.

Ni gudu nake yi wa jami'armu, ina ajin ƙarshe na karatun addini. Da na ci wata gasa, wani Bamisire mai shagunan ruwan rake ya ce zai biya ni ya manna hotona a allon talla. Na kai wa Baba labari baki har kunne.

Ya ce, "Fuskar taka, haya zai yi ko saye?"

"Baba, hoto ne fa kawai."

"To ranar da ka zama limami da gemu, ga ka can a unguwar Ard al-Liwa da gajeren wando kana shan rake, wa zai sauke ka?"

Dole na koma aka sa wa'adin shekara guda. Ya bi ni wai shaida, ya yi ta shan ruwan raken kyauta don ya tabbatar ba ƙarya zan tallata ba. Da ya goge baki ya ce, "Tamam, halal ne. A ƙaro ɗaya, da sauran shakka."

Kuɗi na shigowa na sayi waya mai tsada. Ya jujjuya ta ya ce, "In ka gurɗe, ita za ta yi gudun?" Haushi ya kama ni, amma daga ranar na fara ajiye rabi.

Da masu talla suka ƙaru, sai na yanke in ɗage jarrabawar ƙarshe in bi gasanni. Na shirya wa tambayoyinsa tsaf. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ma'alish, ba komai, ɗana, ɗage abinka. Ni ma zango ɗaya na ɗage, lokacin da turare ya yi kasuwa."

Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Ban taɓa sanin karatu ne ya kawo shi ƙasar nan ba, ashe tun daga lokacin bai sake komawa aji ba.

Na zauna jarrabawa. Kafin sakamako ya fito muka kai shi makwancinsa, kuma har yau yana yi mini ciwo da bai ji na ci ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sauƙaƙa masa tambayar kabari.