Jan Ƙyallen da Ba a Sauke Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yaya, ranar Talata tara ga watan Yuli, da hantsi, ka rasu a kan matakalar ofishinka. Na maimaita wa kaina wannan maganar ya fi a ƙirga, har yanzu zuciyata ta ƙi karɓa. Da safiyar ranar fa kai ka sauke ni a ƙofar makarantar da nake koyarwa, kana yi mini tsiya wai na girma ban iya rufe ƙofar mota ba.

Aikinka auna iska ne, kuma a gida mun sha yi maka dariya. Mama takan ce, "Ɗan kowa yana aikin da ake gani, nawa iska yake awo." Dariyar ta tsaya ne lokacin da 'yata ta fara shaƙewa duk sanda aka fita wasa a makaranta. Ka zaunar da ni ka yi mini bayani: masana'antar sinadarin wanki da ke bayan unguwa tana sakin kulorin da safe. Rana na ɗagawa sai ta fasa shi, ya haɗu da hayaƙin motoci, ya hanzarta samuwar iskar ozon a nan ƙasa inda muke shaƙa. Ka ce ozon na can sama laima ne, na ƙasa kuwa huhu yake ƙonawa, kuma ido ba ya ganinsa balle a kauce.

Ka yi ta sintiri wurin masu masana'antar, kullum amsar ɗaya ce, ana dubawa. Da ka ga jiran gawon shanu kake yi, sai ka samo jan ƙyalle. Duk ranar da na'urarka ta nuna ozon ya hau, ka ɗaga shi a rufin ofis, mu hango shi ta tagar aji, mu hana yara fita. Tun daga nan ban sake kwana da yarinyar a asibiti ba. Kai ma kana da asma, amma in na ce ka bar wa wani hawan rufin, sai ka ce, "Ke dai ki riƙa duba taga."

Ranar Talata na duba. Na ga ƙyallen ya tashi, na rufe ƙofa, har na ce wa abokiyar aikina, "Ga sarkin tsoro can ya ɗaga tutarsa." Wallahi dariya nake yi. Ashe a lokacin kana saukowa ne ƙirjinka ya riƙe, maganin shaƙarka kuwa yana ƙasa a kan tebur. Mai gadi ne ya same ka. Yaran ajina sun koma gida lafiya, ko tari babu wanda ya yi.

Ƙyallen yana sama har yau, abokan aikinka sun kasa sauke shi. Jiya 'yata ta tsaya a taga ta ce, "Umma, yaushe Kawu zai sauke mu fita?"

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, da Mama. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yalwata makwancinka, Ya sa numfashin yaran nan a mizaninka. Mu kuma Ya ba mu haƙuri, Ya ba ni abin da zan gaya wa yarinyar nan.