Bugu Uku a Bangon Shagona

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran Abdulbaqi Ɗanlarai, makaɗin jitar bes, a gidansa da ke Ƙofar Wambai, bayan jinyar shekara guda da 'yan watanni. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, ya bar matarsa Bilkisu da 'ya'ya huɗu. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ni mai wannan rubutu sunana Sabitu Abdulsalam, mai gyara da hayar kayan sauti a Gwallaga. Ban gaji shago ba, ko sukudireba ban gada ba. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, kuma babu wanda ya koya mini sana'a. Rediyoyin da mutane suka zubar nake tsinta ina farkewa har na gane cikinsu. Da hannuna na haɗa amfilifayata ta farko a cikin akwatin katako, da hannuna na ɗora bulon shagona. Na aurar da ƙannena biyu, na kai mahaifiyata Makka. Na jero waɗannan ne domin a san cewa mutumin da zai faɗi laifinsa a wannan takarda ba wanda ya saba sunkuyar da kai ba ne.

Yaya Baqi, kai ma haka ka tashi. Jitarka ta farko da falanki da wayar birkin keke ka yi ta, ka koya wa kanka kiɗa ta hanyar sauraren kaset har kaset ɗin ya tsinke. Wadda ka yi suna da ita, jar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, kai ma na hannu ka saye ta, ka riƙe ta shekara talatin da ɗaya. Fentin bayanta ya goge daidai inda take gugar cikinka. Babu gidan biki, babu ɗakin ɗaukar waƙa a garin nan da ba ta shiga ba, alhali rabin waɗanda suka taka rawa a kanta ba su san fuskarka ba, domin kullum kana can baya kusa da mai ganga.

Na ce ban samu taimakon kowa ba, amma akwai ranar da ka rufa mini asiri. Wani ɗaurin aure ne a unguwarku, farkon fara hayata, amfilifayar da na haɗa ta yi hayaƙi ana tsakiyar kiɗa. Uban amarya ya taso kaina yana faɗa a gaban jama'a. Sai ka ɗaga wayar jitarka ka ce masa ita ce ta jawo, laifinka ne. Wayarka lafiyarta ƙalau, ni da kai mun sani. Ka sha zagin da ya kamata in sha, kuma har ka koma ga Allah ba ka taɓa tayar da maganar ba. Haka kake da kowa. Mawaƙin da muryarsa ta kauce, kai za ka bi shi a hankali ka dawo da shi hanya, masu sauraro ba su gane ba. Makaɗan coci da na gidan biki duk sun zauna a zaurenka sun koyi abin da suka koya, ba ka taɓa tambayar wani abin shan ruwa ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa hannunka na hagu, wata bakwai kana fama ko yatsun za su dawo. Ba su dawo ba. Ranar nan ka sauka daga keke napep a ƙofar shagona da jitar a cikin rigarta, ka ce, "Sabitu, sayar mini da ita. Amma ba ga dillali ba, ga makaɗi. Kuma sai na ji hannunsa tukuna."

Yadda ka zaɓi jin hannun nan shi ne abin da makaɗan Bauchi ba za su manta ba. Ka ce duk makaɗan garin ka san su, wasu ɗalibanka ne, wasu kun ci abinci a kwano ɗaya, in ka ga fuska kunya za ta hana ka faɗin gaskiya. Saboda haka ka sa na ajiye maka benci a lungun bayan shago, na manna lasifika da bangon ta ciki. Mai saye zai zo, in kunna masa waƙar da babu bes a cikinta, ya bi ta. Kai kana waje ka jingina bayanka da bango, ba ka san ko wane ne ba. Ka ce in hannun ya yi maka, za ka buga bangon da sandarka sau uku. Cewa kake bes ɗan dako ne, aikinsa ya ɗauki waƙa ya kai ta gida, kuma ɗan dakon da ke rawa da kaya a ka zubar da su zai yi.

Mutum bakwai suka gwada cikin wata biyar. Bango shiru. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi fushi. Ni kuma ƙorafi nake yi maka cewa jitar ta cinye mini wuri.

To ga inda laifina ya shigo. Lucky, shugaban ƙungiyarmu ta makaɗa, ya daɗe yana son jitar. Ƙwararre ne, ban musa ba, kuma rukuninsa ne ya fi kowa hayar kayana. Ba tare da saninka ba na ba shi bakina, na yi masa alkawari cewa tasa ce, gwajin cika sharaɗi ne kawai. Muka sa ranar Lahadi bayan azahar. Kana kan bencinka, ni ina ciki, Lucky bai iso ba. Sai ga wata mata da za ta kai shekara talatin da biyar, da jakar littattafai a kafaɗa, ta shigo sayen wayar jita. Ta hango jar jitar a rataye, ta tsaya.

"Oga, zan iya taɓa shi?"

Na ce ta taɓa, don dai in rage zaman jira. Na jona mata, na kunna waƙar. Ba ta yi wani abin burgewa ba. Yatsunta ko gudu ba sa yi. Amma sai na ji waƙar da na saurara fiye da sau ɗari ta zauna daram, kamar tukunyar da aka gyara wa murhu. Ba ta kai rabi ba na ji bangon: ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ta ɗago a firgice ta ce me ke nan. Na ce maƙwabcina ne yake kafa ƙusa. Ta tambayi ko jitar ta sayarwa ce, na ce an riga an saya. Ta goge tsirkiyoyin da bakin mayafinta, ta miƙo mini da hannu biyu, ta karɓi wayar da ta saya ta fita. Ko sunanta ban tambaya ba.

Na zagayo lungu na same ka kana murmushin da na daɗe ban gani ba. Kafin in buɗe baki ka ce, "Wannan ba Lucky ba ne. Lucky gaban ganga yake shiga, wannan kuwa bayanta yake tafiya. Wane ne?" Na ce wata mata ce mai wucewa, ta riga ta tafi. Ka ce, "Mace? To alhamdu lillahi. Nemo ta." Na ce to.

Ban neme ta ba. Na yi zaton in kwana biyu suka wuce za ka sauko, mu ba Lucky, maganata ta tsaya. Sau biyu ka kira ni a waya kana tambaya, sau biyu ina ce maka ana kan nema. Kwana goma sha ɗaya tsakanin wannan Lahadin da ranar da muka ɗauki gawarka.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na buɗe shago in ga jitar sai in rufe in fita. In na fita sai in dawo. Na ƙona wa mutum lasifikar da ya kawo gyara, abin da rabona da yi tun ina saurayi. Ranar sadakar uku Bilkisu ta aiko a kira ni, ta yi mini magana daga bayan labule. Ta ce, "Malam Sabitu, Baban Ni'ima ya ce ka san mai jitar. Ya ce in ta zo kada a tsananta mata a ciniki." Na ce haka ne, na fito.

Abu ɗaya na riƙe daga hirar matar nan mai jakar littattafai: ta ce daga koyon waƙar coci take, a Fadaman Mada. Tambayar makaɗa ba ta yiwuwa, domin kafin in rufe baki labari ya kai kunnen Lucky. Sai na yi abin da na ga kana yi. Kowace Lahadi da safe na shiga unguwar, in bi coci coci, in jingina da katanga in saurara. A ta farko masu tsaron ƙofa suka kewaye ni, kuma ban ga laifinsu ba: ga mutum da hula da carbi ya manne da bangon coci ya rufe ido. Da ƙyar wani dattijo ya gane ni ya ce, "Ai mai lasifika ne na Gwallaga. Oga, ko ka zo karɓar baftisma ne?" Aka yi dariya, na yi tare da su, na wuce ta gaba.

A Lahadi ta uku na ji ta. Wata ƙaramar coci ce mai rufin kwano, jitar da take kaɗawa tana ƙara kamar ƙofar da ba ta ga mai ba, amma hannun shi ne. Na tsaya a rana har aka tashi. Sunanta Jemima John, malamar firamare ce. Na gaya mata komai a tsaye a bakin titi, har da ƙaryar ƙusa. Ta ce, "Baba Ɗanlarai ne a bayan bangon? Ni fa kaset ɗinsa nake bi tun ina yarinya, ban taɓa ganin shi ba." Sai ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da mayafi. Da na neme ta lokacin da ka ce, da kun gaisa. Wannan ba abin da zan iya gyarawa ba ne, ni da nake cewa babu abin da ya fi ƙarfin gyarana.

Washegari na kai ta Ƙofar Wambai ta yi wa Bilkisu gaisuwa. A zaurenka, a gaban ƙaninka mai kula da gado, aka yi ciniki, na ɗora jitar a hannunta.

Yanzu ga abin da ke gabana. Ƙungiyarmu tana da doka cewa kayan kiɗan ɗan ƙungiya da ya rasu sai an fara tayin su ga 'yan ƙungiya, wanda ya karya a cire shi. Doka ce mai kyau, kai kanka kana cikin waɗanda suka kafa ta lokacin da dillalai ke kwashe kayan mamatanmu zuwa wasu garuruwa. Jemima ba 'yar ƙungiya ba ce. Lucky ya zo shagona ya ce, "Sabitu, bakinka ka ba ni." Na ce masa, "Na ba ka abin da ba nawa ba, ka yafe mini." Ya kwashe odarsa ta bukukuwan wata biyu, kuma yana da gaskiyarsa. Ranar Asabar mai zuwa za a zauna a kaina. In an cire ni, yawancin masu hayar kayana sun tafi ke nan. Na san haka tun kafin in taka Fadaman Mada.

Jiya magatakardanmu Nasiruddeen ya same ni da shawara, don ƙauna. Ya ce zai rubuta a littafin taro cewa marigayi ne ya sayar da jitarsa tun yana raye, ba a san ta hannun wa ba, magana ta mutu. Na gode masa, na ce a'a. Na riga na yi maka ƙarya sau biyu kana da rai, ba zan ƙara ta uku a kan kabarinka ba.

Yaya Baqi, ka yafe mini jinkirin nan. Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Yadda ka rufa wa mutane asiri a duniya, Allah ya rufa naka ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bilkisu, da Ni'ima da ƙannenta, da 'yan'uwa na Ƙofar Wambai, da duk makaɗin da ya taɓa zama a zauren nan. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Kai kuma Nasiruddeen, ranar Asabar ka zo da bironka. Ka rubuta cewa Abdulbaqi Ɗanlarai ne ya zaɓi Jemima John da kunnensa, bai ga fuskarta ba. Ka rubuta cewa an ɓoye masa ita kwana goma sha ɗaya, kuma an karya dokar ƙungiya aka miƙa mata jitar. A wurin wanda ya yi duka biyun kada ka sa "wani". Ka sa Sabitu Abdulsalam, Gwallaga, da manyan baƙaƙe. Bayan nan ku yanke abin da za ku yanke.