Katangar da Gari Ya Ara

Yayana Rabo mutum ne da ba ya son hayaniya. Tun muna yara, in aka buga ganga a dandali, shi sai ya kora awaki ya yi bayan gari. Ya girma manomin gyaɗa, ba ya zaman hira, biki ma sai an ja shi. Kuma ga kunya kamar ta kashe shi. In ka roƙe shi abu, ko ransa ba ya so, sai ya sunkuyar da kai ya ce to. Ni Furera ƙanwarsa, na sha faɗa da shi a kan wannan "to" ɗin har na gaji.

Shekarar da aka samu mulkin kai, gyaɗa ta yi kyau a ƙasar Tasawa. Garinmu ƙarami ne a kan hanyar Maijirgi, amma har mu kamyo, wato babbar motar kaya, na zuwa kwasar buhuna. Wani ya sayi keke, wani rediyo. Rabo kuwa katanga ya gina. Gidansa na kallon dandali, inda samari ke kokawa bayan kaka, shi kuma ya gaji da idon jama'a. Ya ɗaga ta doguwa, shafaffiya, ko mai raƙumi ba ya leƙa ciki. Ta ciki ya jingina ɗakin matarsa Hajjo da ita, azarar rufin a kan katangar take zaune.

Bai gama jin daɗin abinsa ba sai ga motar silima ta gwamnati daga Maraɗi. Masu motar suka zaga gari suna neman inda za su haska hoto. Masallaci ba ya yiwuwa. Lakwal, wato makarantar boko, a lokacin rumfar zana ce. Mangazar da ake ajiye gyaɗa kuwa kwano ce, hoto ba ya zama a kanta. Sai Bilal sarkin samari, mai baki kamar zuma, ya zo ya durƙusa gaban Rabo.

"Baba Rabo, aron katanga za ka ba mu. Na yau ɗaya tak."

Kun san abin da ya ce. Kafin la'asar samari sun shafe ta da farar ƙasa fes.

Na yau ɗaya! Daga ranar ta zama ta gari. Mota ta riƙa dawowa. Masu tsire suka kafa tukubarsu a gindinta, taron jam'iyya can, ɗaurin jakai can. In baƙo ya zo, a nuna masa masallacin Juma'a, a nuna masa rijiyar siminti, sannan a kawo shi Farar Katanga ana taƙama. Mutumin da ya yi gini don ya ɓuya, sai ga gari duka ya tare a bayan ɗakinsa.

Hayaniyar ma da sauƙi. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, yaɓe kuwa laka ne, zai rufe farin. Da bazara ta yi, Rabo ya fara tara ƙasa. Sai ga Bilal.

"Haba Baba, ka shafe mana silima da laka? Mota na tafe. Farar ƙasa kuma sai Tasawa. Ka bari a wuce wannan, mu da kanmu za mu yi maka gayya."

Ba a yi gayya ba. Shekara ta zagayo, aka sake waƙar. Wannan karon har maigari ya aiko a ba shi haƙuri. Na same shi a zaure na ce, "Yaya, katangar nan taka ce ko tasu? Matarka ce ke kwana a gindinta, ba matar Bilal ba!"

Ya ce, "Ki yi haƙuri Furera, jama'a ce."

Jama'a! Wallahi ranar ji na yi kamar in shaƙe shi.

A shekara ta uku kan katangar ya tsage. Hajjo da kanta ta nuna masa inda ƙasa ke zubo mata a kan gado. Ya kwaɓa laka da ciyawa, ya bar ta ta tsima, ya ce wannan karon ko wa zai zo sai ya yi. Na ce alhamdu lillahi, Yaya ya farka. Ashe da sauran kallo. Aka ce manyan baƙi za su zo bikin mulkin kai a tsakiyar damina, kuma za a haska musu hoto. Dattawa suka cika masa zaure, suna cewa kada ya ba gari kunya. Samari suka hau tsani suka goga farar ƙasa a kan tsagar, wai sun gyara. Lakar Rabo tana nan a tsakar gida har ta bushe.

Baƙin ma ba su zo ba, hanya ta cika da ruwa. Bayan bikin da ƴan kwanaki aka yi wani ruwa mai ƙarfi da rana tsaka. Rabo na gona. Hajjo ta shiga ɗaki ta fake. Katanga ta sha ruwa ta tsagar nan har ta ƙoshi, ta kwanta, rufin ya biyo ta. Da hannu muka tono Hajjo daga ƙarƙashin azara. Ƙugunta ya karye. An kai ta Tasawa, an yi ɗori, amma ba ta sake tafiya ba sai da sanda.

Mutane suka zo jaje, ba laifi. Hajjo na kwance a rumfa tana nishi, aka yi addu'a, aka shafa. Sai Bilal ya gyara murya.

"Baba, gayyar nan a shirye muke, gobe ma in ka so. Sai dai tunda za a sake ginin, da an ɗan ƙara mata faɗi."

Na miƙe da muciya a hannu, mata suka riƙe ni. Rabo ya daɗe yana kallon Bilal. Jira nake in ji "to", amma bai ce ba. Da kaka ta yi ya ɗora Hajjo a kan jaki, ya kwashe kayansa ya koma gona, ya kafa bukka ya kewaye da kara. Can ya ƙare rayuwarsa, shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke kama ta ta tashi.

Motar silima ta zo sau ɗaya bayan haka, ba ta samu wuri ba, ta wuce. Har Rabo ya rasu, in aka ambace shi a garinmu sai a ce, ai wanda ya kashe mana silima. Ban taɓa jin wanda ya ce, wanda muka gurgunta wa mata ba.