Bokitin gobara ya tafi suyar gyaɗa

Jama'a, yau na ga ta kaina a Dungas!

Kun san injin niƙan da nake riƙe wa Alhaji na Magariya. Akwai jan bokiti cike da rairayi a bakin ƙofa, saboda gobara. Da safe Inna mai gyaɗa ta leƙo, ta ce, "Ɗana, ara mini bokitin nan, rairayinsa mai laushi ne, ya yi daidai da suyar gyaɗa." Kunya ta hana ni musu. Na ce, "Ɗauki, Inna."

Wajen azahar inji ya yi tartsatsi, tsumman da ya jiƙe da man gazuwal ya kama wuta! Na zabura bakin ƙofa, wayam, babu bokiti! Wata mata ta watsa ruwa, wutar ta bi man ta bazu. 'Yan kabu-kabu suka rugo suna ɗibar ƙasa da huluna. Kafin mu ci ƙarfinta, geron da mata suka kawo niƙa ya ƙone, rufi ya zube. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, amma wata na kuka, tuwon sunan jikanta ne ya tafi.

Na kira Alhaji, na fara cewa, "Ai Inna ce..." Ya katse ni: "Wa na danƙa wa makulli, kai ko Inna?"

Ina zaune cikin toka sai ga Inna daga kasuwa, da bokiti a ka. Ta ce, "Ɗana, na kawo maka 'yar gyaɗ..." Sai ta ɗaga ido.