Kashegarin Alhamis

Shekarar da na gama jami'a aka yi zaɓen konseye, wato 'yan majalisar kwamin, ƙaramar hukumarmu, waɗanda su kuma za su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. Ban sami aiki ba tukuna, saboda haka da aka nemi masu karatu su riƙe rumfunan zaɓe, na kai sunana a Madarunfa. Aka koya mana aikin, aka ba kowa ɗan littafin ƙa'idoji. Nawa na karanta shi har gefen shafukansa suka yi baƙi. Daga nan aka tura ni wani gari a ƙasar Safo a matsayin sakatare. Abin da zan faɗa a nan a gabana aka yi shi. Inda ainihin kalmomin mutum suka kuɓuce mini, ma'anarsu na riƙe, ban kuma ƙara gishiri ba.

Rumfarmu aji ne na lakwal ɗin garin, wato makarantar boko. Shugabanmu wani daraktan lakwal ne mai furfura, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Jam'iyyu biyu ne suka turo wakilai. Ɗaya manomi ne ɗan garin, mai ƙarancin magana. Ɗayan wani Alhaji ne mai motocin haya daga Ɗan Issa, wanda ya zo da nasa kwafin jerin sunaye da jan bik na rubutu, ya zauna dab da ni yana bin kowane layi da yatsa. Tun da safe ya gaya mana dalilinsa.

"Ni ɗan bakin iyaka ne, Mushe. Na san yadda mutum ɗaya yake zama uku ranar zaɓe."

Aikina shi ne in karɓi katin mai zaɓe, in nemo layinsa a jeri, in kira sunan a ji, in nuna masa inda zai dangwala. Har azahar ba mu sami wata matsala ba.

Bayan mun dawo daga salla wata tsohuwa ta shigo. Daga wata tunga ta zo a amalanken jaki, kuma ta daɗe a layin mata. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta kwance bakin zanenta, ta miƙo mini rabin kati. Sunanta na yanka ya tsira, amma lambar katin da duk abin da ke ƙasa babu su.

"Inna, me ya sami katin?"

"Gara, ɗan nan. Cikin kwalla na aje shi tun wancan zaɓe. Kashegarin Alhamis na buɗe in duba, na iske ta yi walima."

Na buɗe jeri. Wanda ya yi rajistar garin ya rubuta matan aure da sunansu, sai sunan miji a gaba. Mata uku na samu masu sunanta, kuma dukansu ba a san ranar haihuwarsu ba, kintace aka yi aka rubuta. Ta farko ta jefa ƙuri'a tun da hantsi. Saura biyu. Alhaji ya leƙo, ya ɗora jan bik ɗinsa a kan ɗaya daga cikinsu.

"Wannan na san labarinta. Tana can wajen ɗiyarta a Jibiya tun kaka. Idan aka dangwala a layinta, ba zan sa hannu a takardar rahoto ba."

Littafin ƙa'idoji ya yarda a kira shaidu biyu a irin wannan hali. Mushe ya ce a kira su. Alhaji ya ce mutanen garin nan bakinsu ɗaya, duk wanda aka kira zai faɗi abin da aka shirya masa a waje. Manomin ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya tare shi da cewa ai shi ma ɗan gari ne. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: ita da bakinta ta faɗi layin da yake nata.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Kaina yana cikin takarda, na ɗago na ce, "Inna, yaya sunan mijinki?"

Ta dube ni kamar na zuba mata ruwa. Ta ja mayafinta ta rufe baki, ta kau da kai wajen allo. Ni da aka haifa a gidan da ban taɓa jin mahaifiyata ta kama sunan mahaifina ba, ni ne na yi wa sa'ar kakata wannan tambaya a gaban maza uku. Mushe ya ce a hankali, "Sakatare, a jami'a aka koya maka wannan?"

Can ta ce, "Malam ya rasu da damina."

Muka yi masa addu'a, har da Alhaji. Amma da aka shafa bai janye ba.

"Allah ya jiƙansa. To, Inna, ai yanzu ba ya ji. Ki faɗa mana a hankali, mu ma mu manta. Ni uwargidana a tarho sunana take kira gatsal."

"Wannan tsakaninka da ita ne, Alhaji. Allah shi ba ka haƙuri."

Mushe ya dubi layin da ke waje, ya dubi agogo. Ya ce mata idan ba a tabbatar da layinta ba, ba shi da ikon ba ta takardar ƙuri'a. Ta karɓi rabin katinta ta fara ɗaure shi a bakin zane. Ba ta roƙi kowa ba. Abin da kawai ta ce shi ne, duk zaɓen da aka yi tare suke zuwa da Malam, shi ke gaya mata wanda za ta zaɓa, bana ne karo na farko da ta zauna ta yi tunani da kanta, don ta ji an ce waɗannan su ne masu maganar rijiya da hanya. Ta gwammace ta koma da ƙuri'arta a ciki da ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba tun ranar da aka kai ta ɗakinsa.

Ina da wata ɗabi'a da abokaina na jami'a suka sha yi mini tsiya a kanta: idan kalma ta zauna ba a wurinta ba, ba ta barina. Tun shigowarta wata magana ta tsaya mini a rai. Ba wanda ke cewa kashegarin Alhamis, ranar tana da sunanta. Na sake duba layukan biyu. Mijin matar da ke Jibiya sunansa na littafi ne. Mijin ɗayar kuwa sunan rana aka rubuta masa, irin wanda ake yi wa yaron da aka haifa ranar da ake huɗuba.

Na nemi Mushe ya ba ni izini. Na yagi 'yar takarda, na rubuta lambar layin da nake zato, na ninke, na sa a hannun Alhaji, na ce kada ya buɗe. Sannan na ce, "Inna, ki gafarce ni a kan tambayar ɗazu. Wannan ta daban ce. Ki lissafa mini ranakun mako."

"Yau kuma lakwal aka sa ni?"

"Ki daure."

Ta lissafa da yatsu. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Ta tsaya da yatsa ɗaya a miƙe.

"Sai babbar rana."

Alhaji ya dubi jerinsa, na ga ya gane. Duk da haka ya ce bari shi ma ya gwada.

"Inna, wace rana liman ke hawa mumbari?"

"Kai da ka je Makka har ka dawo, ni za ka tambaya?"

Mushe ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba, don na san shirunta ba hujja ba ne a wurin littafin ƙa'idoji, hanya kawai ya nuna mana. Na ce yanzu a kira shaidu, Alhaji da kansa ya fita ya zaɓo su daga layi, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Idan shiri aka yi don a ci layin matar Jibiya, sunan wancan mijin za su faɗa. Ya fita ya zaɓo wani dattijo da wani mai sayar da goro. Aka tambayi kowanne shi kaɗai, kowanne ya faɗi suna ɗaya, kuma duk lokacin da aka faɗa sai ta sunkuyar da kai. Alhaji ya buɗe takardar da ke hannunsa, ya gwada lambar da jerinsa, ya ajiye jan bik.

"Sakatare, in ka rasa aiki ka zo Ɗan Issa, 'yan duwan masu binciken kaya a bakin iyaka na neman irinka. Inna, ki yafe mini."

"Aikinka ka yi. Amma ka gaya wa matarka ta rage."

Ta karɓi takardar ƙuri'a ta shiga bayan labule. Ta daɗe a ciki fiye da kowa a ranar, ba wanda ya ce ta yi sauri. Ban san wanda ta zaɓa ba, ban kuma taɓa nema in sani ba. Ta fito ta jefa a akwati, ta dawo wurina. Na dangwala mata yatsa a tawada, na nuna mata layin.

"Wanne ne nawa a ciki?"

Na nuna mata sunanta.

"Nashi fa?"

Na nuna mata na gaba da shi. Ta duƙa ta daɗe tana kallonsa, ko da yake ba ta karatun boko. Gurbin dangwale ƙarami ne, kuma yana manne da ƙarshen sunan. Ta ce in riƙe mata hannu, kada tawada ta taɓa shi. Na riƙe, muka sauke yatsan a can ƙarshen gurbin, har gefensa ya ɗan fita daga layi.

Da la'asar sakaliya, kafin a buɗe akwati, na cika sashen bayani na takardar rahoto. Sau uku ina tsara jimlar a wata takarda kafin in kwafe ta. Na rubuta cewa an tabbatar da mai zaɓe ɗaya ta hanyar shaidu biyu bayan lalacewar katinta, kuma wakilan jam'iyyu duka sun amince. Na ƙara cewa dangwalen ya ɗan fita daga gurbinsa bisa roƙon mai shi. Mushe ya ce wannan na ƙarshe ba wanda zai karanta shi. Na ce haka aka yi, a bar shi. Alhaji ne ya fara sa hannu.